Akwatin Littattafai Don Makarantar Ƙauyenmu

'Yan'uwa manoma na Anka da Gummi da Bukkuyum, ba sai da babban gini makarantar firamare za ta sami ɗakin karatu ba. Akwatin ƙarfe ya isa, gara ba ta cinsa. Da kaka ƙungiya ta sayar da buhun gero ɗaya, a sayo littattafai irin su Ruwan Bagaja.

Kowace Juma'a malam ya karanta wa yara babi ɗaya, sa'an nan kowa ya rubuto tatsuniyar da ya ji a bakin kakarsa. A ɗinke takardun, a sa cikin akwatin. Kada ku raina rubutun matasa: Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933.

Yaron da ya saba da karatu, shi zai karanta muku gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi.