Bayani Kan Lissafin Kuɗin Sana'a: Jari, Kadara, Bashi da Riba

A ci gaba da ƙoƙarin wayar da kan jama'a dangane da tafiyar da harkokin kuɗi, mun ga ya dace mu yi bayani a kan wasu kalmomi da akantoci ke amfani da su, domin amfanin ɗaliban kasuwanci, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai na karkara, da kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi. Sau da yawa ƙungiya kan watse, a yi ta zargin ma'aji da cin amana, alhali ba a saci ko kwabo ba. Abin da ya faru shi ne mambobi sun ɗauki kuɗin da ke cikin akwati a matsayin riba, suka raba, suka cinye uwar kuɗi ba tare da sun sani ba.

Kadara ita ce duk abin da sana'a ta mallaka mai daraja: tsabar kuɗi, ajiyar banki, hatsin da ke rumbu, inji, fili, har ma da bashin da sana'ar ke bin wasu. Bashin da ake bin sana'a kuwa shi ne haƙƙin wasu da ke wuyanta. Jari shi ne abin da masu sana'ar suka zuba, wato abin da zai rage musu idan aka biya kowa haƙƙinsa. Daga nan ne ƙa'idar farko ta fito: jimlar kadarori daidai take da bashi haɗe da jari, a kowane lokaci.

Bari mu buga misali. Manoma 20 sun kafa ƙungiya, kowa ya ba da Naira 50,000, jari ya kama 1,000,000. Suka karɓi rance marar ruwa na 500,000. Suka sayi injin niƙa a kan 900,000 da masara ta 400,000, aka bar 200,000 a hannun ma'aji. Kadarorinsu ke nan 1,500,000, kuma idan aka haɗa rancen da jarin, adadin da za a samu ke nan.

Dalilin da ya sa ɓangarorin biyu ba sa saɓawa shi ne kowace mu'amala sau biyu ake rubuta ta, a nuna inda abu ya fito da inda ya shiga. Da aka sayi injin, an rubuta 900,000 a hagun shafin inji, aka kuma rubuta 900,000 a daman shafin tsabar kuɗi. Hagun shi ake kira debit, daman kuma kiredit. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Luca Pacioli, shi ne ya fara bayyana wannan tsari a cikin littafin da aka buga a birnin Benis a shekarar 1494, ko da yake fataken ƙasar sun daɗe suna aiki da shi kafin nan. Rubuta bashi dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta yi umarni.

Ɗalibai kan rikice a nan, saboda saƙon banki da ke shigowa waya yana cewa kiredit idan kuɗi sun shiga, alhali malami ya ce kuɗin da suka shigo a debit ake sa su. Babu saɓani. Banki daga littafinsa yake magana, kuma ajiyar mutum bashi ce a wuyan banki, shi ya sa take ƙaruwa ta dama.

Yanzu sai batun riba, wanda shi ne ya fi jawo rigima. Bayan wata biyar ƙungiyar ta sayar da masarar duka a kan 520,000. An biya 300,000 hannu da hannu, sauran 220,000 kuma wani ɗan kasuwa ya ɗauka bashi. An kashe 30,000 wajen mota, lebura da maganin ƙwari. Kuɗin da ke hannun ma'aji sun tashi daga 200,000 zuwa 470,000, saboda haka a wurin taro za a samu masu cewa an ci ribar 270,000, a raba. Ba haka ba ne. Ciniki 520,000 ne; a cire kuɗin saye 400,000, saura 120,000, wadda ita ce ribar farko; a cire ɗawainiya 30,000, tsantsar riba ta zama 90,000. Ko ita ɗin ma ba ta tabbata ba sai ɗan kasuwar ya biya. Idan ya gudu da 220,000, ribar ta koma hasarar 130,000. A bisa wannan dalili ne akanta mai hankali ke ware wani kaso domin bashin da ake shakkar dawowarsa, tun kafin a yi maganar rabo.

Haka zalika akwai ɗawainiyar da ba a ganin fitarta daga aljihu, wato raguwar darajar kayan aiki. Idan ana sa ran injin zai yi shekara 5 kafin ya zama tsohon ƙarfe, to kowace shekara yana cin 180,000 daga darajarsa. A ce niƙa ya kawo 400,000 a shekara, an kashe 250,000 a kan mai, gyara da ladan mai niƙa. Mambobi za su ga rarar 150,000 su yi murna, amma da zarar an cire 180,000, hasarar 30,000 aka yi. Ƙungiyar da ta riƙa raba wannan rarar za ta wayi gari bayan shekara biyar ba inji, ba kuɗin sayen wani, ga kuma rance. A ra'ayinmu, wannan ne darasin da ya fi cancanta jami'an gama kai su nanata wa mutanen karkara, domin ya shafi mai babur ɗin haya da mai injin ban ruwa kamar yadda ya shafi mai niƙa.

Akwai kuma ƙa'idar raba aljihun sana'a da na gida. Mai kanti da ya ɗebi shinkafa aka kai gida, ko ya ciri kuɗi domin hidimar suna, ba ɗawainiyar kanti ya yi ba, jarinsa ya rage, kuma da wannan sunan ya kamata a rubuta. Ko zakkar dukiyar kasuwanci ba za a fitar da ita daidai ba sai an san ƙimar kayan da ke ƙasa da kuɗin da ke hannu.

Dangane da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wannan bambanci tsakanin kuɗin hannu da haƙiƙanin lissafi ya shafe su kai tsaye. Tsohon tsarin gwamnati ba ya rubuta komai sai ranar da kuɗi suka shiga ko suka fita, saboda haka ƙaramar hukuma na iya nuna rara a ƙarshen shekara alhali 'yan kwangila da 'yan fansho na bin ta bashi mai yawa, bashin da bai bayyana a ko'ina ba. A shekarar 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ɗaukar ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na lissafin kuɗin gwamnati, waɗanda ake kira IPSAS, aka kuma tsayar da watan Janairun 2016 domin fara tsarin da ke rubuta bashi tun ranar da ya hau kan hukuma, tare da ƙimar kadarorinta kamar gine-gine da motoci.

Saboda haka muna jan hankalin ma'aji da sakatarorin ƙungiyoyi da su tanadi littafin kuɗi mai shafi biyu, na shiga da na fita, su rubuta kowace mu'amala a ranar da ta auku, su adana rasit ga kowane kuɗin da aka karɓa da bauca mai sa hannu ga kowane kuɗin da aka biya. A ƙarshen kowane wata a ƙirga kuɗin akwati a gaban mutum biyu, a gwada littafin da takardar bayanin asusu daga banki. Waɗannan takardu su ne masu binciken kuɗi za su fara nema a lokacin binciken shekara, wanda dokar ƙungiyoyin gama kai ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista.