Daga Holi Zuwa Layya: Biki a Tsakiyar Bazara

Duk Bakanon da ya haura shekara hamsin, in dai ya taɓa bin layin tikiti a Plaza ta Fagge ko El Dorado ta Sabon Gari, ya san bikin Holi ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne shagalin nan na fim ɗin Sholay na 1975, inda mutanen ƙauye suke watsa wa juna garin launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, ana kiɗa ana tsalle, kafin yaran Gabbar, mugun fim ɗin, su far wa garin. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, kuma ta wannan hanya al'adun Hindu suka shiga idon mutanen Kano, tun kafin yawancinsu su yi ido huɗu da Ba'indiye a masana'antun Bompai ko Sharaɗa.

Abin da fim ba ya nunawa shi ne lokacin da bikin yake faɗowa. Ana yin Holi ne a cikar watan Falguna na kalandar Hindu, wato ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. A yawancin ƙasar Indiya damina tana kamawa a watan Yuni, ta ɗauke a Satumba, kusan daidai da tamu. Ke nan ranar da ake wasan ruwa mafi girma a ƙasar, an yi wata biyar zuwa shida rabon ƙasa da ruwan sama, tafkuna sun ja baya, rijiyoyi sun yi ƙasa, ga zafin bazara yana kunno kai.

Asalin bikin bai dogara da ruwa ba. A daren jajibere ana hura babbar wuta don tunawa da labarin Holika, wadda a imanin mabiya Hindu ta shiga wuta da yaro Prahlada da nufin halaka shi, sai ita ta ƙone, shi ya fita lafiya. Washegari a fito da launi, wanda ake dangantawa da wasan Krishna da Radha a yankin Mathura da Birindaban. Mutanen da can suna haɗa launinsu daga furen wata bishiya mai jan fure da suke kira palash, da kurkum, da ganyen dogon yaro. Yara kuma suna da ɗan bututun fesa ruwa. Daga baya ne, da kuɗi suka shigo birane, aka ƙirƙiro abin da suke kira rawar ruwan sama: otal ko rukunin gidajen masu hali su yi hayar tankokin ruwa, a kafa bututu a sama, ruwa yana zuba kan masu rawa tun hantsi har azahar. Launin ma ya koma na masana'anta, mai kama fata da gashi, wanda sai an yi wanka an sake, an wanke tufafi da tsakar gida da mota, kafin ya saki. Ruwan da ake ɓatawa wajen wanke launin sau da yawa ya fi wanda aka yi wasan da shi.

A 2016 al'amarin ya kai maƙura a jihar Maharashtra. Damina biyu a jere, ta 2014 da ta 2015, ta gaza a yankin Marathwada. A garin Latur sai da hukuma ta hana mutum fiye da biyar taruwa a bakin wuraren ɗiban ruwa saboda gudun faɗa. A watan Afrilu aka fara kai wa garin ruwa a jirgin ƙasa daga Miraj, tafiyar fiye da kilomita 300. Zuwan farko tarago goma ne, ɗauke da lita 500,000. Holi na shekarar ya faɗo 24 ga Maris, kuma gwamnatin jihar ta hana ba da tankokin ruwa don rawar ruwan sama, aka yi ta kira ga jama'a su yi busasshen Holi, a ɗan shafa wa juna gari a goshi da kumatu, a ci zaƙi, a ziyarci dangi. Wata guda bai cika ba babbar kotun Bombay ta umarci a kwashe wasannin kurket na gasar IPL daga jihar bayan 30 ga Afrilu, saboda ruwan da ake kwarara wa filayen wasa.

Shekara takwas bayan haka Bengaluru, birnin kamfanonin kwamfuta mai mutum fiye da miliyan 13, ta shiga irin wannan hali. A watan Maris na 2024 gwamnatin jihar Karnataka ta ce rijiyoyin burtsatse 6,900 cikin kusan 14,000 na birnin sun ƙafe, kuma giɓin ruwan kullum ya kai lita miliyan 500. Hukumar ruwan birnin ta sa tarar rufi 5,000 kan mai wanke mota ko ban-ruwan fulawa da ruwan sha, sannan ta hana amfani da ruwan famfo ko na burtsatse wajen rawar ruwan sama ranar Holi. Ba ta hana bikin ba, kuma jama'a sun yi abinsu.

Wasu daga cikin mabiya Hindu sun ji haushi, kuma a ganina ƙorafinsu yana da makama. Suka ce me ya sa sai bikinmu na yini ɗaya ake gani? A Maharashtra, rake ɗan ƙaramin kaso ne na ƙasar da ake nomawa, amma shi yake shanye mafi yawan ruwan noman rani na jihar. Rake yana buƙatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin a sare shi, a yankin da ruwan samansa na shekara bai kai 1,000 ba, kuma gundumar Latur ɗin da aka kai wa ruwa a jirgi tana da masana'antun sukari da dama, yawancinsu a hannun manyan 'yan siyasa. In an auna, duk ruwan Holi bai taka kara ya karya ba kusa da wannan. Sai dai lissafin shekara daban, lissafin ranar biki daban. Tankar da ta tafi otal da safiyar Holi, ita ce ba ta je unguwar talakawa ba a wannan safiyar, kuma wanda ya fi iya biya shi direba yake bi.

To, mu dawo gida Kano, wajen gadar Bata. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin gada da sassafe zai ga kurar masu ga-ruwa suna ratsa tsakanin Adaidaita Sahu, wasu sun nufi Fagge, wasu layukan Sabon Gari, wasu bakin kasuwar Singa wajen masu abinci. Jarka ɗaya lita 25 ce; kura mai jarka 12 lita 300 ke nan, nauyin kilo 300 ban da ƙarfen kurar, mutum ɗaya yake tura ta da ƙirjinsa. Alhali Kano tana cikin garuruwan da suka riga kowa samun ruwan famfo a Arewa. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Challawa. An gina madatsar Tiga zamanin Audu Bako, aka kammala ta a 1974, ta Challawa Goj ta biyo baya a 1992, sabuwar matatar Tamburawa kuma an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a kullum. Ruwa yana nan a dam. Tsakanin dam da famfon gida ne ake samun cikas: injinan turo ruwa suna buƙatar wutar lantarki da ba ta tsayawa, tsofaffin bututu suna yoyo, gari kuma ya ninka kansa sau da yawa tun bayan da aka binne su. Akwai gidaje a waɗannan unguwanni da yaransu suka girma ba su taɓa ganin famfon tsakar gida ya kawo ba.

Shi ya sa kowa ya koma ƙasa. Amma ƙasar Kano ba irin ta yankin tafkin Chadi ba ce mai shimfiɗaɗɗen yashi cike da ruwa. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo a wurare da dama a kudancin jihar, kuma ruwa yana taruwa ne kawai a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Wannan ajiya kaɗan ce, damina ce take cika ta, daga Oktoba kuwa sai ɗiba babu ƙari. Idan injin burtsatse yana ja, ruwan da ke kewaye da shi yana lotsawa kamar mazurari, mafi zurfi a gindin rijiyar, yana faɗaɗa zuwa gefe. Otal ko gidan wanka mai rijiya mai zurfi da janareta, in ya yini yana ja, rijiyar guga ta maƙwabcinsa ce take fara komawa laka. Siminti da kwalta da suka rufe kusan ko'ina daga Kwari zuwa Yankura sun ƙara dagula lissafin, domin ruwan saman da ya kamata ya nutse yana bin kwata ne ya faɗa Jakara.

Ga abin da ya sa labarin Holi ya shafe mu yanzu. Watan Musulunci yana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni a 2024, ta faɗo 6 ga Yuni a 2025. Daga nan ta shiga Mayu, kuma zuwa 2030 tana tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, rijiyoyi kuma suna ƙarshen ƙarfinsu. Shekarun baya mun saba yin layya a damina, ana tarar ruwan indararo a wanke tsakar gida. Wannan sauƙin ya wuce, sai bayan shekaru masu yawa.

Layya kuwa aikin ruwa ce daga farko har ƙarshe. A wanke rago, a wanke jini, a wanke tumbi da hanji ruwa bayan ruwa, a kankare kai da ƙafa bayan babbaka, ga wankin kayan Sallah, ga baƙi, ga layin motoci a wurin wanki tun jajibere. Kuma duk gari rana ɗaya yake yi. A daidai wannan lokaci ne da yawa daga masu ga-ruwa, waɗanda 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka da Jamhuriyar Nijar, suke tafiya gida yin Sallah da iyalinsu. Buƙata ta hau, masu kawowa sun ragu. Uwargida ta leƙo zaure ta ce, “Malam, sauke mini huɗu,” ya amsa, “Hajiya, ki yi haƙuri, na masu shi ne,” ya wuce gidan da aka riga aka biya shi ninki.

A nan ba mu buƙatar aro hujja daga Indiya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi bai kai lita ɗaya ba. Wankan gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jarka ba. Malamai suna faɗar wannan a wa'azi, amma ban cika jin an haɗa shi da tiyon da ake sake wa rago ko mota da safiyar Sallah ba.

Dabarun ma ba baƙi ba ne, mahautan abbatuwar Fagge da tsofaffin mata sun san su. A fara zazzage tumbi a kakkaɓe shi a busasshe kafin ya taɓa ruwa. A jera baho uku, na farko mai datti, na ƙarshe mai tsabta, kayan ciki su bi su ɗaya bayan ɗaya, maimakon a riƙa tsiyaya sabon ruwa kan kowane yanki. A haƙa ɗan rami jini ya shiga a rufe da ƙasa, inda akwai ƙasar, ya fi a kora shi da bokiti biyar zuwa kwata. Ruwan ɗaurayar tufafi ya isa wanke tsakar gida. Maƙwabta uku ko huɗu su yi yanka a wuri ɗaya, wanki ɗaya ya wadatar. A cika randa da duro tun saura kwana uku, kafin masu kura su kama hanyar tasha.

Amma ƙorafin mabiya Hindu yana nan a kanmu mu ma. Bai kamata a ɗora wa matar da take wanke hanji da rabin jarka laifin ƙarancin ruwan Kano ba. Abin da Bengaluru ta yi shi ne ta bar mai ɗan garin launi ya yi wasansa, ta tare mai tanka da mai tiyo. In za a yi irinsa a nan, wuraren da za a fara dubawa sanannu ne: masu wankin mota, manyan otal, masu buga fiya-wata, da duk mai injin da yake ja dare da rana ba tare da kowa ya auna abin da yake ɗiba ba. Hukumar ruwa kuma ta sanar da jama'a tun da wuri ranakun da za ta saki ruwa a makon Sallah da unguwannin da zai kai, ta tanadi man da injinan Challawa da Tamburawa za su yi aiki da shi ko an ɗauke wuta a kwanakin Sallah.