Kulawa da ƙaramin kare mai dogon gashi

Muna ƙara ganin wani ɗan ƙaramin kare mai dogon gashi a gidajen Jos, Kaduna da Abuja. Masu sayarwa suna kiransa Lhasa. Yara suna sonsa, iyaye kuma suna saya domin suna ganin ba zai ci abinci da yawa ba. Gaskiya ne, cikinsa kaɗan ne. Lokaci yake ci, kuma ya kamata iyali su san haka kafin su biya kuɗi.

Cikakken sunansa Lhasa Apso. Asalinsa daga Tibet ne, ƙasa mai duwatsu da tsananin sanyi a nahiyar Asiya, inda birnin Lhasa yake kan tudu mai tsayin fiye da mita 3,600. A can ana ajiye shi cikin gidaje da wuraren ibada domin ya yi haushi idan baƙo ya shigo. Nauyinsa kilo 5 zuwa 8 ne, kuma yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Wato karen da muka saya wa ɗan aji ɗaya na firamare yana iya kasancewa da rai har yaron ya gama sakandare.

Gashin da yake kare shi daga sanyin Tibet shi ne babban aikinmu a nan. Idan aka yi kwanaki ba a taje shi ba, sai ya cukurkuɗe, musamman a bayan kunne, hammata da gindin wutsiya. Ƙarangiya da ƙurar hunturu suna ƙara dagula shi. A ƙarƙashin wannan cukurkuɗewa ne kaska da ƙuma suke ɓuya, fata ta yi gyambo ba wanda ya sani. Kaska tana kawo zazzaɓin da yake shanye jinin kare. Alamarsa ita ce kasala, ƙin abinci, da dasashi ya yi fari. Saboda haka mu taje gashin kullum, mu buɗe shi da yatsu har mu ga fata. Mu taje kafin wanka, domin ruwa yana ƙara ɗaure gashin da ya riga ya cukurkuɗe. Kada mu zuba masa maganin feshin gona ko na wankan shanu. Abin da sa zai jure yana iya kashe dabba mai kilo 6.

Idan babu mai lokacin wannan aiki a gida, gara a rage gashin da almakashi duk bayan wata ɗaya ko biyu. Ba zai yi kama da na hoto ba, amma zai fi jin daɗi. Kada dai a aske shi ƙwal, gama rana za ta ƙona fatarsa.

Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma gajeren hancin Lhasa yana sa wannan ya yi masa wuya. Daga Maris zuwa Mayu mu fita da shi da sassafe ko da yamma kawai, mu bar masa inuwa da ruwa mai tsabta. Sauran miyarmu ba ta dace da shi ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Haka kuma mu nisanta shi daga cakulan, goro da dafaffen ƙashin kaza.

Akwai kuskuren da muke yawan ji, wai tun da yake a ɗaki yake kwana ba ya bukatar allurar ciwon hauka. Ƙofa tana iya kasancewa a buɗe, kuma shi ne karen da yara suke ɗauka kusa da fuskarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana, da ƙyar ake samun mai tsira. A yi masa allurar yana da wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya ce, a kuma adana katin. Idan kare ya ciji yaro, ko da ɗan kurji ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a kai yaron asibiti a ranar, tare da katin allurar karen.