Monologue ko MicroFreak: Wacce Ta Dace da Mai Neman Sabon Sauti a Zuru?

Fiyano ba baƙo ba ne a Zuru. Ana jinsa a coci ranar Lahadi, ana jinsa a wajen biki, kuma shi ya riƙe waƙoƙin finafinan Kano tun shekarun 1990, lokacin da ɗakunan kiɗa suka rungumi samfurin Yamaha PSR. Sai dai sautinsa shiryayye ne: ka danna lamba kaza ka sami sarewa, ka danna wata ka sami ganga. Sintisaiza aikinta daban. Ko da ta zo da sautuka a ajiye, an yi ta ne don mai ita ya ƙera nasa daga tushe, amon da wataƙila babu wani abin kiɗa a duniya da ke fitar da shi.

Matashin da ya tara ɗan kuɗinsa don wannan harka yakan tsaya tsakanin na'urori biyu masu dama-daman farashi. Akwai Monologue ta kamfanin Korg na Japan, wadda aka bayyana a 2016, akwai kuma MicroFreak ta kamfanin Arturia na Faransa, wadda ta fito a 2019. Kowacce maɓallanta 25 ne, kowacce za ta shiga jakar goyo. Kamanninsu ya tsaya nan.

Monologue 'yar tsohon yayi ce. Da'irori biyu na lantarki ke haifar da amonta, sannan amon ya bi ta matata mai aiki kamar rariya, ta tare kaifin ta saki kaurin gwargwadon yadda ka murɗa. Murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, don haka mai son danna maɓallai uku tare irin na coci ya nemi wata. Amma tana da wata baiwa da ta shafe mu kai-tsaye. Fiyano ya raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Goge bai san da wannan rabo ba. Sarewar makiyayi ma haka, ballantana kalangu da ke hawa da sauka gwargwadon matsin hammata. Shi ya sa in mawaƙin gargajiya ya hau kiɗan fiyano, sau da yawa kunne kan ji wani abu bai zauna ba, a ɗora wa mawaƙin laifi alhali tsanin ne ba nasa ba. A Monologue kana iya gusar da kowane maɓalli sama ko ƙasa da ɗan ƙanƙanin mizani, kashi ɗaya cikin 100 na tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa, ka kuma adana saitin. Makaɗin Birtaniya Aphex Twin ne ya ba Korg shawara a wannan ɓangare. Wanda ya zauna da masu bushe-bushen ƙabilar Lelna a lokacin bikinsu na Uhola, ya saurara da kyau, zai iya saita na'urar ta bi muryarsu maimakon ta tilasta musu bin tata. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

MicroFreak kuwa ba ta da kunya. Amonta na kwamfuta ne, tana da injinan sauti iri-iri, wasu an ɗauko su daga manhajar Plaits ta kamfanin Mutable Instruments, wadda aka sake wa kowa kyauta. Maɓallanta ba sa lotsawa. Faranti ne shimfiɗaɗɗe mai jin taɓin fata, kuma yawan naman yatsan da ka ɗora yana iya sauya sautin. Wanda hannunsa ya saba da fiyano zai yi ta tsaki a makon farko. Sabuntawar 2023 ta ƙara mata abin da ya fi jan hankalina: kana iya zuba mata sautin da ka naɗa, ta daddatsa shi gutsi-gutsi ta watsa. Ƙarar injin niƙa, kukan gauraka, dukan turmi, hayaniyar 'yan acaɓa a tasha, duk sun zama kayan aiki. In kiɗan mutane ne za ka naɗa, musamman na al'ada, nemi izinin masu shi tukuna.

Sai batun wuta, wanda masu tallar kayan nan a Turai ba sa tunawa da shi. Monologue tana tashi da ƙananan batura shida irin na tocila. MicroFreak tana shan wuta ta USB, wato bankin cajin waya zai iya ɗaukarta. Dukansu su yi nesa da janareto mai wutar hawa da sauka, a kuma rufe su da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙura na shiga maɓallan murɗawa, mai gyaransu kuma ba a bakin kasuwa yake ba.

Kada tsada ta ruɗi kowa. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan lantarki a 1978 da ogan ɗin Italiya samfurin Orla, rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Hama, shi ma ɗan Yamai, da fiyanon Yamaha ya fara juya kiɗan Sahara, kafin ya koma kwamfuta ya fitar da faifansa Houmeissa a 2019. Babu ɗayansu da ya jira na'ura mai tsada.

In aka matsa mini, mai son karin waƙa da tsanin gida ya ɗauki Monologue. Mai son ya wargaza sauti ya ga abin da zai fito, wanda shi ne ainihin kiɗan gwaji, MicroFreak ta fi ba shi fili. Kafin a biya kuɗin oda daga Legas, mai kwamfuta ya sauke manhajar VCV Rack, kyauta ce, kuma ana iya ƙara mata kwafin Plaits. Ya yi wasa da ita na ɗan lokaci, zai gane ko kunnensa na son irin wannan amo.