Manhajojin Lissafin Hasken Rana da Tsarin Gini: Misali Daga Suame Magazin

Gabatarwa

Suame Magazin unguwa ce ta masu sana'ar hannu a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, inda dubban makanikai da masu walda da maƙera suke aiki, cikinsu har da mutanen Zango masu magana da Hausa. Yawancin aikinsu ya dogara ne a kan wutar lantarki. Tsakanin 2012 da 2016 ƙasar ta sha fama da yawan ɗauke wuta, abin da mutane suka laƙaba wa suna "dumsor", wato kashe-kunna da harshen Twi. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda manhajojin kwamfuta suke taimaka wa mai shago ya san abin da zai samu daga hasken rana tun kafin ya kashe jarinsa.

Ire-iren manhajojin

Ana iya raba su gida biyu. Kashi na farko su ne masu lissafin wutar da farantan sola za su samar. Akwai RETScreen, wadda gwamnatin Kanada ta fitar a 1998, da PVGIS ta Tarayyar Turai, wadda ake amfani da ita kyauta a intanet, sai HOMER, wadda aka fara a Amurka domin kwatanta tsadar sola da batir da janareto. Kashi na biyu kuwa su ne masu nazarin zafin gini, kamar EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001.

Abin da suke nunawa game da Kumasi

Idan aka shigar da matsayin Kumasi, wato kimanin digiri 7 arewa da ikwaita, manhaja za ta nuna abubuwa guda uku. Na farko, hasken da ake samu bai kai na arewacin Ghana ba, kamar Navrongo, inda aka kafa tashar sola a 2013. Na biyu, haske yana raguwa a watannin Yuli da Agusta saboda hadari, don haka da waɗannan watanni ake auna girman kaya. Na uku, daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana bi ta arewa da tsakar ka. Saboda haka ba a jingina farantai sosai. Kimanin digiri 10 ya isa, domin ruwan sama ya riƙa wanke ƙurar hunturu.

Misalin lissafi

A ɗauka shago yana cin kilowat-awa 10 a yini, ana kuma samun awa 4 na cikakken haske, sannan kashi 25 cikin 100 yana salwanta a waya da batir da zafi. Idan aka raba 10 da 3, wato abin da ya rage daga awa 4, za a samu kilowat 3.3 na farantai. To, amma wannan adadi bai nuna ƙarfin da injin walda ko kwampureso yake fizga a lokacin tashi ba. In ba a shigar da shi ba, inbata za ta riƙa katsewa, ko da rana tana tsaka.

Gyaran gini kafin sayen kaya

Galibin shagunan rufin kwano gare su, shi kuwa kwano yana tara zafi. Manhajar gini tana nuna yadda ɗaga rufi, da barin kafar iska a sama, da shafa farin fenti suke rage buƙatar fanka. Haka kuma sa kwano mai shigar da haske yana hana kunna fitila da rana. Duk wutar da aka rage ta wannan hanya, an rage kuɗin faranti da batir ke nan.

Kammalawa

Manhaja ba ta san shagon kowa ba, abin da aka ba ta shi take lissafawa. Saboda haka aikin farko shi ne rubuta kowane inji da ƙarfinsa da sa'o'in da yake aiki. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a Suame tun 1980, don haka haɗa ilimin boko da gwanintar masu sana'a ba baƙon abu ba ne a wurin. Abin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne daidaita kalmomin wannan fanni, yadda bakanike zai karanta sakamakon lissafi da kansa.