Bukoki: Inda Ake Auna Kwamfutar Wasa da Zafin Bazara

Wanda ya bi ta Bukoki da hantsi, kunnensa ne zai fara shaida masa cewa ya kusa kasuwar Katako. Ƙarar guduma a kan ƙarfe ba ta yankewa. Nan ana narka gwangwanaye da tarkacen sanholo ana zuba tukwane, can ana miƙe tsohuwar ganga ana fitar da akwati ko murhu, gaba kaɗan kuma mai amalanke ne ɗauke da kwanon rufi yana neman hanya tsakanin babura. Duk Yamai an san kasuwar nan da abu guda: abin da wani ya yar, a nan ake tashinsa ya sake aiki. Yaron da ya girma a unguwar yana ganin haka ba ya raina tsohon kaya, ba ya kuma yarda da sheƙin sabo sai ya ƙwanƙwasa ya ji.

Da wannan idon matasan unguwar suka shiga harkar kwamfutar wasa. Yawancinsu a waya suka fara, da Free Fire ko PUBG a fada kafin shayi ya nuna, ko a ɗakunan PlayStation inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya-ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. Daga nan sha'awar mallakar tasu take tsirowa: na'urar da za a buga ƙwallo a kanta da dare, da rana a yi aikin makaranta, a haɗa bidiyon biki, ko a zana katin gayyata a samu na kashewa. Sai a shiga tari, jika biyu yau, jika biyar gobe, wasu har da adashi. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala abin tausayi ne a ga ya ƙone cikin wata uku.

Shagon mai gyara ba ya wuce ɗan ɗaki a bakin titi. Tebur ɗaya, gwangwanin madara cike da kusoshi, buroshin fenti na share ƙura, akwatunan kwamfuta a buɗe an jingina su da bango. Saurayi kan shigo da hoto a waya, akwati mai gilashi da fitilu kala-kala, ya ce, "Yaya, irin wannan nake so." Wanda ya san aikinsa ba ya fara da farashi. Sai ya ce, "Ƙanena, zauna tukuna. Wane wasa za ka yi? Ɗakinka rufin kwano ne? Wutar kuran tana zama a layinku?" Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ke tsara sayayyar gaba ɗaya.

Ta farkon tana rage kashe kuɗi nan take. Wasan ƙwallo na EA Sports FC 24, wanda ya fito a 2023, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne RAM giga 8 da katin hoto irin GTX 1050 Ti, katin da ya shigo kasuwa tun 2016. Ke nan mai son ƙwallo da GTA V a allo madaidaici ba shi da dalilin bin katin bana. Abin da ya rage masa a aljihu akwai wuraren da suka fi buƙatarsa.

Shi ya sa hanyar da ta fi karɓuwa ita ce ta tsohuwar kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka kan sallama bayan 'yan shekaru. An ƙera su don aiki daga safe zuwa yamma, suna da juriya. Amma zaɓensu yana son lura. A nemi mai babban akwati, domin siririn ba ya karɓar kati sai gajere. A dubi lambar da ke bayan sunan furosesa, kada a tsaya ga "i5" ko "i7" da mai sayarwa ke nanatawa: i5-8500 na 2018 mai ƙwaƙwalwa shida ya fi i7 na 2012 mai huɗu. Akwai ƙarin dalili. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa. Bayan haka sai RAM: sanda biyu masu giga 8 kowace sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, saboda hanya biyu suke buɗe wa bayanai. Sai a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD. Ba ya ƙara gudun wasan kansa, amma kunnawa da lodi sukan koma daƙiƙoƙi, kuma ba shi da allurar da za ta karce faifai in wuta ta ɗauke.

Katin hoto shi ne inda ido ke rufewa. Ramin da ake soka shi a jikin uwar allo wat 75 kawai yake bayarwa. GTX 1050 Ti da yawancin GTX 1650 na 2019 wannan ya ishe su, ba sa neman wata wayar wuta, don haka suke zama lafiya cikin kwamfutar ofis. RX 580 kuwa, na 2017, yana jan hankali da giga 8 da sauƙin kuɗi, sai dai yana shan wat 185, kuma da yawansu sun shekara suna aiki dare da rana a gidajen haƙar kuɗin intanet kafin Ethereum ya daina wannan tsari a Satumba 2022, aka kwararo su kasuwa. Wanda ya sa shi a kan ƙaramin akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ofis ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mai ɗan hali da zai haɗa tasa daga tushe gara ya dubi Ryzen 5 5600 da RX 6600, wanda ya fi RX 580 gudu nesa ba kusa ba, alhali wat 132 yake sha. Lissafin mita ma yana nan: na'ura mai jan wat 250, awa huɗu kilowat-awa guda ne, kuma maigida zai gani a ƙarshen wata.

Maganar wuta ba sai an koya wa ɗan Yamai ba. Kaso mai yawa na lantarkin birnin daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi. Da aka yanke shi a Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, unguwanni sun sha duhu har zuwa Maris 2024 da aka maido, duk da tashar Gorou Banda da ke gefen gari. Ko a lokacin lafiya, bazara kan zo da ɗauke-ɗauke, dawowar wutar kuma ta fi tafiyarta haɗari. A nan ne kuskuren da ya fi tsada yake faruwa: a zuba kuɗi a kati, a sayi akwatin wuta marar suna, an rubuta wat 600 a jikinsa amma ka ɗaga ka ji shi sakayau. Ranar da ya tashi mutuwa yakan tafi da uwar allo da katin. Akwatin wuta na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, da na'urar daidaita wuta, da ondilar mai batir da zai ba ka minti kaɗan ka kashe cikin natsuwa, su ne ya kamata a fara ware wa kuɗi. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Sai zafi da ƙura. Gwaje-gwajen da ake kallo a YouTube a ɗakuna masu sanyi ake yinsu. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Katin da ke tsayawa a 70 a can yana iya kusantar 90 a nan, daga nan sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, wasa ya fara tsinkewa. Akwati mai fuskar raga ya fi mai gilashi, fanka biyu masu ƙarfi sun fi fitilu goma. In hunturu ya shigo, ƙura kan toshe haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga. Ɗaga na'ura daga ƙasa, rufe ta da zane in an kashe, hure ta lokaci-lokaci, da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfensa, duk ba su kai kuɗin shayin mako ba, amma suna ƙara mata shekaru.

Kayan nan kuma ba daga kusa suke zuwa ba. Da can tashar Kwatano ce ƙofar Nijar. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa sai sun biyo ta Lome su ratsa Burkina Faso, wasu kuma 'yan kasuwa ne ke ɗauko su daga Kano, Legas ko Dubai. Kowane zango yana ƙara kuɗi, takardar garanti kuwa ba ta da inda za a kai ta. Garantin mai saye shi ne idonsa. Kada a biya sai an kunna. Manhajar GPU-Z tana tona katin da aka sauya wa suna, domin akwai tsofaffin GTS 450 da ake sayarwa a matsayin 1050 Ti. CrystalDiskInfo tana nuna awoyin da faifai ya yi yana aiki. A sa wasa mai nauyi na rabin awa a gaban mai shago, a kalli zafi, a saurari fanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma yana son a dawo.

Abin da ya fi faranta mini rai a harkar nan shi ne abin da take bari a hannun yaran. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da kansa ya koyi lissafin wat, ya san karanta lambar kaya, ya iya gano ciwo ta hanyar cire abu ɗaya-ɗaya. Gobe shi za a kira in ta makaranta ko ta kantin magani ta ƙi tashi. Iyayen da ke ganin wasa ne kawai, ya dace su leƙa teburin su ga abin da ɗansu yake yi da sukuddireba. In sun tashi taimaka masa, su sa kuɗinsu a ondilar da akwatin wuta mai kyau, su kuma haɗa shi da mai gyara nagari da zai zauna wurinsa ranakun hutu ya koyi sana'ar sosai.