Gargaɗi Ga Ma'auratan Da Ke Nufin Ziyarar Hartum

Wata al'ada ta fara shigowa ƙauyukanmu na Jazira da gaɓar Nilu, tun daga kanabi (jam'in kambo, wato matsugunan ma'aikatan gona) da ke kewayen Hasahisa da Managil har zuwa Mai Wurno da garuruwan bayan Sinja, wato idan miji da mata suka cika shekara goma ko ashirin da ɗaurin aure, sai su bar yara a hannun kaka, su hau mota zuwa babban birni su yi kwanaki, domin su buɗe ido, su kuma tuna ranar da aka shafa musu fatiha. Wasu dattawa suna yi wa abin kallon bidi'a. Ni dai ban ga haka ba, matuƙar ba a ɗauke shi ibada ba, domin kyautata mu'ashara da iyali abu ne da shari'a ta yi umurni da shi, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ƙuri'ar ta faɗa wa. Balle mu Hausawan Sudan, da kakanninmu suka taso da matansu a ƙasa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka sauka kusa da Sinnar wajen 1906. Wasu kuma hanyar hajji ta kawo su, aikin auduga ya zaunar da su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Fita da iyali gadonmu ne. Sai dai tafiyar yau tana da sharuɗɗan da ta jiya ba ta da su, kuma mafi girmansu takarda ce.

A ƙauye kowa shaida ne a kan auren kowa: liman ya san ranar da aka ɗaura shi, an san waliyyi, an san sadaki, an san wanda ya raba goro da dabino, ga 'ya'ya kuwa suna yawo a hilla, wato cikin ƙauye. Saboda haka da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda aka ɗaura wa aure a ƙofar gida ko a masallacin kambo, ba su taɓa zuwa wurin ma'azun, mai rajistar aure, an rubuta musu kasima, wato takardar aure, ba, wasu kuma an rubuta, amma gara ta cinye ta, ko ta salwanta lokacin gudun hijira. To, birni bai san liman ba. Da zarar mutum ya tsaya gaban magatakardan lokanda, wato masauki, da matarsa ya nemi ɗaki guda, abin da aka saba fara tambayarsa shi ne kasimar aure, kuma ko da yake an soke dokar Nizamul Am, mai sa ido kan ɗa'ar jama'a, a watan Nuwamba na 2019, masu masauki da yawa ba su bar wannan tambaya ba. Sai ka ga dattijo mai furfura, wanda ya aurar da 'ya'ya, yana rantsuwa gaban yaro sa'an jikansa cewa wannan matarsa ce ta sunna, ita kuwa tana tsaye da ƙunshin kaya, magariba ta kawo jiki, tana cewa, "Malam, yanzu ina za mu kwana?" Wannan tozarci ne da ba ya goguwa a zuciyar mace, alhali kuwa don a faranta mata aka fito.

Maganin abin ba shi da wuya. Wanda kasimarsa ta ɓace ya koma wurin ma'azun ɗin da ya rubuta ta, ko kotun da kundinsa yake, ya nemi madadinta. Wanda ba a taɓa rubuta masa ba ya je kotun shari'a ta ahwalus shakhsiyya da shaidu biyu adalai, a tabbatar da auren a rubuce. Amfanin wannan ya zarce kwanan lokanda nesa ba kusa ba, domin ita ce hujjar mace ranar rabon gado, kuma da ita ake samun sauƙin fitar wa yara takardar haihuwa.

Sa'an nan sai rakam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda aka shigo da shi ƙarƙashin dokar rajistar jama'a ta 2011. A nan ne maza suke yawan zaluntar mata ba tare da sun ankara ba, domin maigida yakan yi ɗawainiya ya fitar da nasa, ya ce ita uwargida ina za ta da za ta buƙaci takarda? Ga shi ranar ta zo. Tsakanin Madani da Hartum tafiyar kusan kilomita 186 ce, ta Hasahisa da Kamlin, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 shingayen bincike suka yawaita a hanyoyin ƙasar, inda akan sauke fasinja a tambayi kowa shaidarsa. Ba sai na tuna wa Bahaushen Sudan cewa har yanzu akwai masu tuhumar zamansa ɗan ƙasa ba, ko da kakan kakansa a nan aka binne shi. Rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a watan Yuli na 2022, da Wad al-Mahi a watan Oktoba na shekarar, bai yi nisan da za a manta ba. Wanda ake yi wa irin wannan kallo bai kamata ya bar wa mai neman dalili wata kafa ba. Kowa ya riƙe tasa takardar a jikinsa, ita ma ta riƙe tata, kada a haɗa su duka a aljihun maigida, saboda a wasu shingayen akan ware maza da mata. A kuma ɗauki hotonsu a waya, a bar kwafi a gida.

Wanda ya san Hartum kafin yaƙi ya sani cewa ba ita zai tarar ba. Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairu 2025, suka karɓe tsakiyar Hartum a watan Maris na shekarar, amma abin da aka rusa ba ya tashi a dare ɗaya: gadar Shambat ta karye tun Nuwamba 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, unguwanni da yawa sun daɗe babu wuta babu ruwan famfo. Mugran, inda farin Nilu da shuɗi suke haɗuwa, yana nan yadda Allah ya halicce shi, kuma ya isa a yi tattaki dominsa. Amma kada sha'awar kallo ta kai ku cikin kango ko filin da ba a ga sawun mutane a kansa ba, domin masu aikin kwance nakiyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha yin gargaɗi a kan harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Duk ƙarfen da ba ku san shi ba, kada ku taɓa, kada ku shura, kada kuma a tsinto wa yara tsaraba. Baƙo ko da ido makaho ne. A nemi ɗan'uwa mazaunin garin, a yi masa waya tun kafin a taso, a tambaye shi halin da ake ciki a makon nan, ba na bara ba.

Ruwan sha ma abin tsoro ne, domin kwalara ta yi ɓarna a jihar Hartum a watan Mayu na 2025, musamman a Umdurman, bayan da wuta ta ɗauke a tashoshin tace ruwa mutane suka koma ɗiba daga kogi. A sha dafaffe ko na gora mai hatimi. Idan gudawa ta kama ɗayanku, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a yi ta sha ana kan hanyar asibiti. Gidan sauro kuwa a tafi da shi daga gida, saboda zazzaɓin dengi da na cizon sauro.

Game da guzuri, tun Disamba 2024 aka fara canja takardun fam 500 da 1000, don haka wanda ya daɗe yana tari a ƙarƙashin katifa ya bincika ko kuɗinsa suna karɓuwa kafin ya ɗora tafiya a kansu. Ciniki da yawa ya koma Bankak, wato tura kuɗin banki ta waya, amma shi sai da layin waya, kuma mun ga yadda layuka suka ɗauke a faɗin ƙasa a Fabrairu 2024. A raba guzurin biyu, a kuma ɓoye kuɗin motar komowa dabam. Wanda zai ci bashi ko ya sayar da dawar ci domin wannan ziyara, ya haƙura har bayan kaka, gama israfi ba ya zama kyautatawa. Af, da yake mu Malikawa ne, a tuna cewa tafiyar ta wuce mil 48 da ke halatta kasaru, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa.

Idan labarin Hartum bai kwantar da hankali ba, ba dole sai ita ba. Kasala, wadda ake bi ta Gadarif, tun da can ita ce matattarar angwaye da amare a Sudan, ga duwatsun Taka, ga rijiyar Totil, ga masallacin Hatmiyya, ga kuma 'yan'uwa Hausawa da za a sauka a wurinsu. Sai dai can ma kasima da rakam watani za a tambaya.

Ina roƙon limamai da shehunan hilla su riƙa faɗar wannan a masallatai da wuraren ɗaurin aure, kada a sake shafa fatiha babu ma'azun a zaune. Kai kuwa maigida, kafin ka je tasha yankan tikiti, ka fara kai uwargida ofishin rajista da kotu.